Kumburin kitsen ƙarƙashin fata: abin da ya sami ɗiyata a Maraɗi

Ni malamar makarantar firamare ce a birnin Maraɗi, kuma uwar ƴaƴa huɗu. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne da ɗiyata ta uku a hunturun shekarar 2022, lokacin tana da shekara takwas. Na ga ya dace in rubuta shi saboda ciwon da ya same ta ba ya cikin waɗanda aka saba faɗakar da iyaye a kansu a rediyo ko a wurin awon yara, kuma kusan duk wanda ya zo gaishe mu sai da ya laƙaba masa sunan wani ciwo dabam, ya kawo maganin da yake ganin ya dace da sunan da ya ba shi.

Abin ya fara da kukan ciwon ƙafa idan ta dawo daga makaranta. Daga nan zazzaɓi ya biyo baya, ta riƙa ɗingishi, idon sawunta ya ɗan tasa. Da na zo yi mata wanka sai na ji wasu gudaji a gaban ƙwaurinta, dama da hagu, tsakanin gwiwa da idon sawu. Ba su taso sama sosai ba, yatsa ya fi ido ganinsu, domin a can ciki suke, ƙarƙashin fata, da tauri da zafi. A fatarmu baƙa ba a ganin jan da ake faɗa a littattafai. Abin da na gani da na haska fitilar waya shi ne fatar wurin ta ƙara duhu, ta ɗame tana ƙyalli. Na ɗauko rular aji na auna wanda ya fi girma, ya kusa santimita 4. Zafinsu kuwa ya kai ko gefen zane ya taɓa wurin sai ta yi ƙara, har ta gwammace ta kwana da ƙafafunta a waje da bargo cikin sanyin watan Janairu.

Tambayar farko da mahaifinta ya yi mata ita ce ko wani ya buge ta a makarantar boko ko ta allo, ko kuwa ta faɗi wurin wasa. Ta rantse babu ko ɗaya. Maƙwabciyata ta ce maruru ne da bai nuna ba, a riƙa gasa shi da ruwan zafi har ya yi baki. Wata ƴar'uwata ta kawo zancen amosanin jini, amma ni da mahaifinta mun san matsayin jininmu, kuma ciwon amosanin jini a ƙashi yake, ba gudaji ba ne a jere a bisa ƙwauri. Surukata kuwa, wadda muke kira Inna, ta daɗe tana kallon ƙafafun kafin ta ce ruwa ba ya tsami banza, yarinyar nan ta tsallake wani abu ne da aka ajiye a hanya, a kira wanzami ya yi mata sakiya mugun jinin ya fita. Ba na raina wanzamai, su suka yi wa ƴaƴana maza aski ranar suna, amma zuciyata ba ta kwanta da a sa aska a wurin da ko zane ba ya taɓuwa ba. Maigidana ne ya raba gardamar cikin ladabi. Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri a bari likita ya fara gani. In ya ce a tsaga, ni da kaina zan je in kira wanzamin.” Ta ce, “To, Allah ya sa a dace.”

A gidan likita na unguwarmu an fara da awon zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda aka saba yi wa duk yaron da ya zo da zafin jiki, sakamakon ya nuna babu. Ma'aikacin da ya duba ta ya fara zaton ƙwayar cuta ce ta shiga fata, amma ya tsaya ya yi tunani da ya ga abin ya kama ƙafa biyu daidai wa daida, kuma babu rauni ko ƙurjin da za a ce ta nan cuta ta shiga. Ya ba mu farasitamol, ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan yara. A nan zan ɗan faɗi wani abu da ke damuna. Tun shekarar 2006 ƙasar Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yaran da ba su kai shekara biyar ba, kuma wannan ya ceci rayuka. Sai dai yaron da ya wuce biyar kusan komai nasa na kuɗi ne, daga tikitin ganin likita har awon jini da hoton ƙirji, alhali kuwa wasu cututtukan sun fi kama ƴan makaranta ne. A ajina ina ganin yaran da ake bari a gida da ciwo ana jiran ranar kasuwa ko ƙarshen wata, ba don iyayen ba su damu ba.

Likitan yaran ya taɓa gudajin a hankali, amma bai daɗe a kansu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ya fi ɓata lokaci a wuraren da ba mu kawo kuka a kansu ba. Ya sa ta buɗe baki ya haska maƙogwaronta, ya shafa wuyanta yana neman kaluluwa, ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe yana jin bugun zuciyarta. Sannan ya juyo gare ni da tambayoyi. Ko akwai mai tsohon tari a gidanmu ko cikin masu shigo mana? Ko ta rame, ko tana zufa da dare? Ko ta sha wani magani kwanan nan, musamman kotirimoksazol? Ko tana yawan zawo, ko an taɓa ganin jini a bayan gidanta? Ko ta yi ciwon maƙogwaro a cikin watan da ya wuce? A wannan ta ƙarshe ce na tsaya, domin kimanin mako biyu ko uku kafin ƙafar ta fara, ta yi zazzaɓi da ciwon wuya har ta kasa haɗiyar tuwo, kunu kawai take sha. An ba ta zuma da citta da farasitamol, ya wuce kamar yadda irinsa yake wucewa a kowane gida idan ƙurar hunturu ta sauka, kuma babu wanda ya ƙara tuna shi.

Ya jawo takarda ya yi mini zane. Ya ce a ƙarƙashin fatar kowane mutum akwai shimfiɗar kitse, ko da kuwa siriri ne, ita ke riƙe ɗumin jiki, ita ke kare ƙashi da tsoka daga bugu. Kitsen nan ba dunƙule ɗaya ba ne, a rarrabe yake gida-gida da siraran bango a tsakani, kamar fangalin lambu a Jiratawa da kunyoyin da ke raba su, kuma ta cikin waɗannan bangaye ne jijiyoyin jini suke bi. Idan wannan shimfiɗa ta kumbura likitoci suna kiran abin fanikulit, kuma yana da iri-iri. Wanda ya fi yawa, a yara da manya, shi ne eritem nuwe, wanda ke kama bangayen da ke raba kitsen, kuma ya fi son gaban ƙwauri. Shi ne ya kama ɗiyata. Kafin balaga yana kama maza da mata kusan daidai, bayan balaga kuwa ya fi yawa a mata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninsa shi ne cewa babu ƙwayar cuta a cikin gudajin, kuma babu mugunya. Garkuwar jiki ce ta tashi yaƙi da wata cuta a wani wuri dabam, sai zafin yaƙin ya sauka a kitsen ƙafa bayan makonni. Shi ya sa ba a ɗaukarsa daga yaro zuwa yaro, shi ya sa kuma ba ya nuna balle ya fashe, ko an shekara ana gasa shi. Na gaya masa shawarar da aka kawo a gida. Bai yi dariya ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya ce, “Madam, in aka tsaga wannan wuri jini kawai za a samu, sannan a bar yarinya da gyambo a inda da babu shi. Ki gaya wa Hajiya ta yi gaskiya da ta ce akwai dalili, aikinmu yanzu shi ne mu nemo dalilin.” A yara, in ji shi, abin da ya fi haddasa shi shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar sitireptokok. Bayan shi akwai tarin fuka, da wasu magunguna, da wasu cututtukan hanji, kuma sau da yawa akan yi duk binciken da ya kamata ba a gano dalilin ba, ciwon ya warke da kansa.

Ya rubuta mana awo uku. Na farko awon jini ne da ake kira ASLO, wanda ke nuna ko jiki ya yi karo da sitireptokok kwanan nan, tare da awon da ke nuna ƙarfin kumburi a jiki. Na biyu hoton ƙirji. Na uku ƴar allura ce da ake yi a fatar hannu don neman alamar tarin fuka, wadda ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72. Ya ce a ƙasa irin tamu, inda tarin fuka yake nan daram, bai halatta likita ya ga waɗannan gudaji a ƙafar yaro ya sallame shi ba tare da ya nemi tarin ba, domin wani lokaci su ne alamar farko da ke nuna ƙwayar ta shiga jikin yaro, tun kafin ya fara tari. Ma'aikaciyar da ta yi allurar ta zagaye wurin da biro, ta ce kada a wanke zanen, kada a sosa, kada a shafa mai. Wannan ɗan da'irar biro a hannun ɗiyata ya fi ƙafafun hana ni barci. Na riƙa lissafa duk wanda ya taɓa tari a gidanmu, daga almajirin da ke yi mana aike har dattijon da ya sauka wurinmu da damina. Na san maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar kuma ana warkewa, amma wata shida ne na shan ƙwayoyi kullum, ga kuma bakin mutane.

Allah cikin ikonsa wurin allurar bai tasa ba, hoton ƙirjin ya fito fes, awon ASLO kuwa ya hau sosai. Likitan ya ce labarin ciwon wuyan da sakamakon jinin sun haɗu wuri ɗaya. Na tambaye shi zancen kuturta, saboda wata baƙuwa ta ce ta taɓa ganin irin waɗannan gudaji a jikin wani da ake yi wa magani a asibitin Danja, kudu da Maraɗi. Ya ce lalle masu kuturta kan yi wani kumburi mai kama da wannan, amma nasu yakan watsu a hannu da fuska da sauran jiki, kuma yana zuwa ne ga wanda cutar ta riga ta kama, tare da sauran alamunta. Ya duba fatarta kaf bai ga tabon da ya dusashe ko wurin da ba ta jin taɓi ba.

Maganin bai da yawa. Ya rubuta amoksisilin na kwana 10, ya ja kunnena da a shanye shi duka ko da ta ce ta warke. Na tambaye shi amfanin maganin maƙogwaro ga wadda maƙogwaronta ya riga ya lafa. Ya ce ba don gudajin kaɗai ba ne, don a kawar da ragowar ƙwayar ne, saboda wannan sitireptokok ɗin shi ne kuma ke jawo zazzaɓin da ke kama gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya, kuma yara ƴan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. A nan na gane dalilin da ya sa ya daɗe yana sauraron ƙirjinta. Don zafi da kumburi ya rubuta ibuforofen gwargwadon nauyinta, a sha bayan cin abinci, ya hana a ba ta asfirin domin yana da haɗari ga yara masu zazzaɓi. Sauran maganin hutu ne: ta kwanta, a ɗora ƙafafun bisa matashi su fi ƙugunta tudu, a riƙa ɗora tsumma mai sanyi a wurin, kada a murza, kada a shafa man zafi.

Tsare yarinya ƴar shekara takwas a shimfiɗa alhali tana jin ƙawayenta suna gaɗa a ƙofar gida ya fi ba ta magani wuya, ni kuma ina da aji da ke jirana kowace safiya. Inna ce ta ɗauki wannan aiki, kuma ta riƙe shi fiye da yadda zan iya. Ta shimfiɗa tabarmarta kusa da ta jikarta, tana gyara mata matashi, tana yi mata tatsuniya, tana korar duk wanda ya zo da shawarar gashi ko tsaga, har da waɗanda ita ta fara gaya wa zancen wanzami. Ta ci gaba da yi mata tofi safe da yamma, babu kuma wanda ya hana ta, domin addu'a ba ta karo da abin da likita ya ce. Mun lura duk ranar da yarinyar ta saci jiki ta yi yawo a tsakar gida, da dare ƙafafun sukan ƙara nauyi da zafi.

Warkewar ba ta zo a miƙe ba. Zazzaɓin ya fara sauka, amma a makonnin farko wasu sababbin gudaji ƙanana sun fito yayin da tsofaffin suke sacewa, abin da ya tayar mini da hankali har na koma wurin likitan. Ya ce haka ciwon yake tafiya, kuma yawanci yakan ɗauki mako 3 zuwa 6, wani lokaci ya kai wata biyu. Kowane guda yakan yi laushi, ya baje, launinsa ya riƙa sauyawa irin na wurin da jini ya kwanta, sannan ya ɓace ba tare da ya fashe ko ya bar rami ba. Ya lissafa mini abubuwan da in na gani in dawo da ita ba tare da jira ba: idan wani guda ya fashe yana fitar da ruwa ko wani abu mai maiƙo, idan suka bazu zuwa ciki da hannu da fuska, idan zazzaɓi ya ƙi sauka ko ta ci gaba da ramewa, idan wurin da ya warke ya lotsa, ko kuwa aka wuce wata biyu ba su tafi ba. A irin wannan hali, in ji shi, akan yanko ɗan yanki na fata mai zurfi har da kitsen a kai ɗakin awo, domin akwai nau'o'in kumburin kitse da ke tafe da cututtuka masu nauyi, kuma ido kaɗai ba ya bambance su.

A wannan komawar ce na zauna layi kusa da wata matashiya mai jego da ta zo daga wajen Madarunfa. Ta buɗe mini bayan jaririnta, wanda bai yi wata ɗaya ba, na ga wani faffaɗan wuri mai tauri a kafaɗarsa da gadon bayansa, fatar ta yi duhu. Ta ce ta sha doguwar naƙuda, kuma yaron bai yi kuka da wuri ba. Da na shiga na tambayi likitan ko ciwonsu ɗaya da ɗiyata. Bai yi mini zancen yaron mutane ba, amma ya yi mini bayani a dunƙule cewa jarirai suna da nasu nau'in. Kitsen jariri ya fi na babba saurin daskarewa, don haka jaririn da ya sha wuyar haihuwa, ko ya rasa isasshiyar iska, ko sanyi ya kama shi, kitsensa kan taurare a baya da kafaɗa da ɗuwawu da kumatu cikin makonnin farko. Taurin yakan narke da kansa, amma haɗarin yana cikin jini, domin sinadarin kalsiyom kan hau, kuma hakan na iya faruwa har zuwa wata shida. Jaririn da ke da irin wannan tauri, idan ya fara amai, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko ya daina ƙara nauyi, awon jini yake bukata cikin gaggawa.

Ya ƙara mini da wasu nau'o'i biyu da na ga sun shafe mu ƙwarai a Maraɗi. Na farko na sanyi ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, babu gidan da ba a sayen ƙanƙarar zoɓo ko ta tsamiya a leda, kuma akan miƙa wa yaro na goye ya yi ta tsotsa don ya yi shiru. Idan ƙanƙarar ta daɗe a jikin kumatunsa, bayan kwana ɗaya zuwa uku wurin kan yi tauri ya kumbura, iyaye su ɗauka haƙori ne ko ƙurji. Wannan ba ya bukatar komai sai a daina ba shi ƙanƙarar, ya warke cikin makonni. Na biyu yana zuwa ne ga yaron da ya daɗe yana shan magunguna irin su deksametazon ko firedinizolon aka tsayar masa da su kwatsam, sai gudaji su fito masa, galibi a kumatu. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin deksa tana cikin tiren masu tallar magani a kowace tasha da kowace kasuwa, ana sayar da ita ga mai ciwon jiki da mai neman ƙiba ba tare da takardar likita ba. A ganina wanda ya miƙa wa yaro irin wannan ƙwaya don ya ga ya yi kumatu ya cuce shi, ko da niyyarsa alheri ce.

Ɗiyata ta koma makaranta tun gudajin ba su gama ɓacewa ba, bisa sharaɗin ba ta gudu ba ta tsalle, kuma malaminta ya yarda ta riƙa ɗora ƙafa bisa ɗan benci. Bayan sun tafi, wuraren sun bar duhu-duhu a fatar, wanda ya riƙa dusashewa a hankali har zuwa damina. Likitan ya sake sauraron zuciyarta a ganinmu na ƙarshe bai ji komai ba, amma ya gargaɗe ni cewa ciwon kan iya dawowa idan ta sake kamuwa da sitireptokok. Ya ce yawancin ciwon wuyan yara na mura ne, mai zuwa da tari da majina, kuma ba ya bukatar amoksisilin. Wanda ake zargi shi ne mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, da wahalar haɗiya, da kaluluwa mai ciwo a wuya, da farin abu a maƙogwaro, ba tare da tari ba. A hunturun da ya biyo baya ta sake yin irin wannan ciwon wuya, ita da ƙanenta a mako guda. An duba su, an rubuta musu maganin kwana 10, sun shanye shi, kuma gudajin ba su fito wa ko ɗayansu ba.